To Do, TickTick, Google Agenda ko karne da bik: wane ya dace da mai fama da "sai gobe" a Tawa

Jama'a mu yi maganar aplikasiyon tsara lokaci tsakani da Allah, don na ga matasa da yawa nan Tawa suna ta cika waya da su, wannan ya ce Todoist, wancan ya ce TickTick, wani ya ce shi Google Agenda kaɗai ya sani, kuma bayan sati biyu in ka tambayi mutum sai ya ce maka ai ya goge ta, wai ba ta aiki. Tana aiki mana. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya ɗauko wadda ba ta dace da irin yininshi ba, kuma ba ta dace da irin jan ƙafar da ke damunshi ba, don jan ƙafa ba iri ɗaya ba ce. Ni ra'ayina tun farko in faɗa muku, ga mafi yawanmu aplikasiyon da ke yanka yini awa-awa ita ce ta fi saurin karya gwiwa, wadda ke barinka ka zaɓi abu uku ko huɗu kowace safiya ita ce ake iya zama da ita shekara. Amma bari mu bi su a hankali don akwai waɗanda maganar ba haka take gare su ba.

Mu fara duba yininmu yadda yake. Waɗanda sunka ƙera aplikasiyon nan sun yi su ne don mutumin da ke shiga biro ƙarfe kaza ya fita ƙarfe kaza, kuran ba ya ɗaukewa, ba wanda zai shigo mishi ba sanarwa. Mu kuwa yininmu salla ce ke raba shi, kuma lokacin salla ba ya tsayawa wuri ɗaya, magariba nan Tawa cikin Disamba ƙarfe 6 da ƴan mintoci ce, cikin Yuni kuwa sai ta wuce ƙarfe 7, kusan awa guda ke nan tsakani. Ga zafi, Afirilu da Mayu in rana ta take ta haura digiri 40 ba wani aikin kai da za ka iya yi tsakanin azahar da la'asar in ba kana cikin ɗaki mai sanyi ba, shi ma sai in da kuran. Ga suna, ga ɗaurin aure, ga jana'iza wadda ba ta ba da rendebu, ga baƙo daga ƙauye ya sauka gidanka kuma ba za ka ce mishi kawu yi haƙuri waya ta ce yanzu lokacin karatu ne ba. Waɗanga abubuwa ba ɓata lokaci ba ne, su ne rayuwar, kuma duk tsarin da bai bar musu wuri ba ranar farko zai rushe.

Sai dalilin ɗage aiki shi kanshi. Mun saba mu ce lalaci ne ko ganda, amma ka duba mai ɗage rubuta memuwar ɗinshi wata uku, shi ne fa za ka gani ya wanke moto, ya gyara ɗaki, ya raka aboki tasha, raggo ba ya haka. Wasu masana halayyar ɗan adam biyu, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun yi bayani a 2013 cewa ɗage aiki hanya ce ta gudun ɓacin rai na ɗan lokaci, aikin shina sa ka tsoro ko gundura ko kunya, sai ka kauce mishi ka samu sauƙi yanzu, gobe kai ɗin dai za ka biya. To in haka ne, mai mantuwa daban, mai jin nauyin aiki daban, wanda waya ta riƙe ma wuya shi ma daban, kuma kowane da aplikasiyon da ta fi dacewa da shi. Mai mantuwa alam yake buƙata. Mai jin nauyi, alam ba abin da za ta yi mishi sai ƙara damuwa, ya riga ya san aikin na nan, kwana yake da shi a rai.

Google Agenda, wadda wasu ke gani da sunan Calendar in wayarsu na turanci, ta daɗe, tun 2006, kyauta ce, kuma duk mai kont na Gmail yana da ita ko bai sani ba. Ƙarfinta a wuri ɗaya yake, abin da ke da rana da awa kuma ya haɗa ka da wani mutum, reyiniyo, rendebu na likita, ranar ekzame, ranar ƙarshe ta aje dosiye, ranar zubin adashe. A nan ba ta da na biyu. Tana kuma gyara bambancin awa da kanta, wanda ke da hulɗa da Abijan ya san muna gabansu da awa ɗaya, Faransa kuwa lokacin sanyinsu awarmu ɗaya, lokacin zafi su wuce mu da awa guda, in an turo maka gayyatar reyiniyo ta intanet Agenda za ta nuna maka ita da awar Nijar ba sai ka yi lissafi ba. Ma'aikacin purje ko na wata ƙungiya a Yamai ba shi da zaɓi ma, dole ya riƙe ta. Inda matsala take shi ne mutum ya ce zai zuba dukan rayuwarshi ciki, 8 zuwa 9 karatu, 9 zuwa 10 kaza, yini ya cika da launi-launi gwanin kyau, sai ƙarfe 9 da rabi a kira shi an yi rasuwa a unguwa. Duk abin da ke ƙasa ya goce, kuma Agenda ba ta matso maka da su da kanta, sai ka bi ɗaya-ɗaya kana ja. Kwana uku ka yi haka sai ka fara jin haushin buɗe ta. Don haka ni dai ba na ba mai jan ƙafa shawara ya yi yaƙi da ita ta Agenda, a bar ta ga alƙawari kawai, abin da bai wuce biyu ko uku a yini ba.

Microsoft To Do ita ce nake so mu daɗe kanta kaɗan. Ta fito a 2017, ta gaji wata tsohuwa mai suna Wunderlist wadda Microsoft ta saya a 2015 ta rufe a 2020. Kyauta ce gaba ɗaya, ba wani sashe da anka kulle sai ka biya, abin da take nema kawai kont na Microsoft, irin adireshin Outlook ko Hotmail, minti biyar ka buɗe. Abin da ya bambanta ta shi ne shafin da ake kira Ma journée, wato yinina. Kana da manyan jerinka can gefe, na gida, na aiki, na karatu, komi yawansu, amma kowace safiya Ma journée fari fat take tashi, kai ne za ka ɗauko abin da za ka yi yau ka sa ciki. In dare ya raba ta share kanta, abin da ba ka yi ba bai ɓace ba, ya koma jerinshi kuma za ta nuna maka shi cikin shawarwari, amma ba za ka buɗe ido ka tarar da tulin aikin jiya da shekaranjiya suna jiranka a shafin yau ba. Wanda bai taɓa fama da jan ƙafa ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Wallahi ba ƙarami ba ne. Mutumin da kunya da nauyin aiki ke sa shi gudu, in ka tarbe shi da safe da jerin gazawarshi ka ƙara mishi dalilin gudu ne, in kuwa ya tarar da shafi fari shina iya cewa to yau bari in ɗauki uku. Kuma wanga tsari shi ya dace da yinin da ba ka san mi zai faɗo ciki ba, in jana'iza ta ci safiya, abubuwa ukun suna nan, ba wanda ya goce, bayan la'asar ka kama ɗaya.

Tana da wani abu kuma, kowane aiki kana iya yanka shi ƙanana a cikinshi, kuma jeri guda ana iya raba shi da wani, misali mata da miji su riƙe jerin cefane da kuɗɗin lakkal na yara, ko ƴan ƙungiya masu shirya wani taro kowa ya ga abin da anka yi da wanda ya saura. Rauninta shi ne ba ta da agogon aiki a ciki, ba ta nuna maka sati kamar kalanda, kuma in kai mutum ne mai purje goma da mutane ashirin ƙarƙashinka za ta yi maka kaɗan.

Todoist da TickTick su ne ake yawan gwamawa, don kusan aiki ɗaya suke. Todoist ta girme, tun 2007 wani mai suna Amir Salihefendić ya fara ta lokacin shina ɗalibi. Abin da ta fi kowa shi ne saurin rubutu, ka rubuta mata da faransanci a layi ɗaya cewa kiran wane gobe 16h, ko biyan haya kowane 5 ga wata, ta gane ranar da awar ta aje da kanta, kuma tana da tuta huɗu na fifiko. Amma fa ba ta san "bayan la'asar" ba, ba ta san "in an sauko juma'a" ba, sai ka juya mata su zuwa awa, awar da kuma za ta canja nan da wata biyu. Na kyautarta purje 5 kawai take ba ka, wato manyan jerin aiki 5. Sannan duk aikin da ka sa ma rana bai samu ba, gobe za ka gan shi sama da jan rubutu an ce ya makara, su yi ta taruwa. Tana da maki da take kira Karma, kana gama aiki suna hawa, in ayyuka sunka daɗe da wuce lokaci suna sauka. Akwai masu son haka, yana zaburar da su. Mai jin nauyin aiki kuwa in ya nace sai Todoist, ya kashe makin nan tun ranar farko, kuma kar ya sa ma aiki rana sai wanda ranar tashi gaskiya ce.

TickTick kuwa kamar an tattara kaya da yawa wuri ɗaya, jerin aiki, agogon Pomodoro mai auna maka lokacin aiki da na hutu, wurin bin al'ada ta kullum kamar tilawa ko motsa jiki ko bitar darasi, da allon nan mai gida huɗu da ake danganta wa Eisenhower tsohon shugaban Amurka, wanda ke raba abu mai gaggawa da abu mai muhimmanci. Na kyautarta jeri 9 ne, kowane jeri aiki 99, ya ishi kusan kowa, cikakkar kalandar ce sai an biya. In an ce in zaɓa tsakanin biyun ga ɗalibin jami'ar Djibo Hamani ko na Abdou Moumouni, ko yaron da ke shirin BAC ko BEPC, TickTick zan ce, saboda agogon nan, ba sai ya ƙara telesharje wata ba. Haɗarinta ɗaya, yawan kayan da ke ciki shi kanshi wurin ɓuya ne, sai mutum ya share dare shina canja launi, shina jera tambari, shina gyara jeri, ya ji kamar ya yi aiki alhali littafin ko buɗe shi bai yi ba. Wagga ita ce jan ƙafar da ta fi wuyar ganewa, kuma aplikasiyo masu kyau su sunka fi jawo ta.

Tun da na ambaci Pomodoro, wani ɗan Italiya ne Francesco Cirillo ya fito da dabarar a ƙarshen shekarun 1980, aiki minti 25 ba taɓa komi, hutu minti 5, in ka yi huɗu ka huta mai tsawo. Amfaninta ga mai ɗage aiki ba a minti 25 ɗin yake ba, a farawa yake, don ba a ce ka gama babin ba, an ce ka zauna kanshi minti 25 kawai, kuma galibi in mutum ya fara sai ya ga abin bai kai yadda yake tsoro ba. Ba dole sai aplikasiyo ba, agogon waya ma ya isa. Kuma ba aya ba ce, in 25 ta yi maka yawa fara da 10.

Yanzu ga wanda matsalarshi ita ce wayar kanta, ya ɗauka zai duba awa sai ya farga ya yi awa ɗaya cikin TikTok ko cikin vokal na gurup. Irin wanga mutum in ka ƙara mishi aplikasiyon jerin aiki ka ƙara mishi dalilin ɗaukar waya ne. Biyu ne gabanshi. Akwai Forest, ka dasa ɗan icce a allo ka sa lokaci, daga minti 10 har 120, in ka fita ka shiga wani wuri kafin lokacin iccen ya bushe, in ka daure ya girma ya shiga gonarka. Wasa ne amma shina kama wasu sosai, musamman in abokai ne suna gasa lokacin bita. Sai kuma abin da ke cikin wayar tun asali wanda mutane da yawa ba su taɓa buɗewa ba, Bien-être numérique a cikin parametir na Android, ko Temps d'écran ga masu iPhone, duka tun 2018 suke. Nan za ka ga awa nawa ka ba kowace aplikasiyo, ka sa ma Facebook iyaka misali minti 40, in sun cika alamarta ta dushe sai gobe, kana iya kuma dakatar da wasu gaba ɗaya lokacin da kake aiki. Tsakanin biyun ni na fi yarda da na cikin wayar, ba ya cin wuri, ba talla, kuma ganin adadin awannin nan kaɗai ya isa ya girgiza mutum. Forest ba ta dace da ɗan kasuwa ko mai kabu-kabu ba wanda wayar ita ce shagonshi, kiliyan na iya rubuto mishi kowane lokaci, ta ɗalibi ce da mai rubutu. Kuma gaskiyar magana dukansu kai ne ke riƙe da makullin, kana iya cire iyakar da yatsa ɗaya, wanda ya san ba zai iya ba ya miƙa wayar ga inna ko ga maiɗakinshi ya ce kar a ba shi sai an kira magariba.

To sai waɗanda ba a kira aplikasiyon tsara lokaci amma su mutanenmu sunka fi amfani da su. WhatsApp tun ƙarshen 2022 tana barin mutum ya aika ma kanshi saƙo, ka maƙale hirar a sama, duk abin da ya faɗo maka ka yi vokal ka tura. Ga wanda karatun boko bai yi nisa ba, ko hannunshi na cikin aiki, ba abin da ya kai wannan sauƙi, Alhaji mai albasa a Galmi shina tsaye ana loda buhu ba zai tsaya cike gurabe a Todoist ba, amma zai iya cewa wane ya karɓi buhu kaza, saura kuɗɗi kaza, cikin daƙiƙa biyar. Illa biyu gare ta, vokal ba a binciko shi da rubutu, in sun kai ɗari ka ɓace ciki, na biyu kuma mafi muni, don ka duba aikinka sai ka ratsa ta gaban gurup ashirin masu sabon saƙo. Mai jan ƙafa ba ya ratsawa lafiya. Google Keep ta fi ta a nan, tun 2013 take, kyauta, mara nauyi, tana karɓar rubutu, hoto, murya da jeri mai akwatin dannawa, kana iya ɗora jerin kan fuskar waya ka gan shi ba tare da ka buɗe komi ba. Wanda zai ɗauki hoton faktir ko takardar magani ya aje, Keep ce tashi. Kuma tun 2024 Google ta sa Hausa cikin harsunan da kilabiyenta Gboard ke iya ji ya rubuta, wato ka yi magana da Hausa ya mayar rubutu, abin na buƙatar koneksiyo kuma shina kuskure wani lokaci musamman da irin Hausarmu ta Adar, amma ga ɗan gajeren tuni ya wadatar. Su dai aplikasiyon da na lissafa da faransanci ko turanci za ka bi menu ɗinsu, amma abin da ka rubuta ciki ba ruwansu, rubuta da Hausa, ko da ajami ma in kilabiyenka na da baƙaƙen larabci.

Karne da bik kuwa kar kowa ya raina su. Ba batiri, ba mega, ba rezo, rana ba ta hana ka gani, ɓarawo ba ya sha'awarshi, kuma babu TikTok a shafi na gaba. Abin da ba ya yi guda ne, ba ya kiranka. Shi ya sa karne da alam na waya in an haɗa su suna yin kusan duk abin da To Do ke yi, shafi sabo kowace safiya, abu uku, alam biyu ko uku don alƙawari. Wanda wayarshi ƙarama ce mai cika kullum, ko wanda ke zaune inda cajin waya sai an kai shago an biya, wannan shi ne tsarinshi kuma bai rasa komi ba.

Maganar kuɗɗi a taƙaice, abonma na Todoist da TickTick ana biyanshi ne da katin banki ta intanet, abin da yawancinmu ba mu da shi, kuma ban ga dalilin wahalar nemanshi ba don wannan. In na kyauta bai raba ka da sai gobe ba na kuɗɗi ma ba zai yi ba. Mega kuwa ba su ci sosai, rubutu ne, kuma To Do, Keep, Todoist da TickTick duk suna karɓar aiki ba koneksiyo, in rezo ya dawo su aika da kansu. Amfanin kont shi ne ranar da waya ta faɗa ruwa ko anka sace, ka shiga wata ka tarar da komi, da sharaɗin ka riƙe lambar sirrinka, ba wanda mai shago ya buɗe maka ya manta ba.

Akwai abu ɗaya da ya fi zaɓin aplikasiyo nauyi, shi ne yadda ake rubuta aikin a ciki. In ka rubuta "memuwar" ko "gyaran gida" ko "neman aiki" ba ka rubuta aiki ba, ka rubuta damuwa ne, kuma duk sanda ka gani gabanka zai faɗi ka rufe. Rubuta abin da hannu zai iya kamawa, kiran malam a tambaye shi ranar da zai duba babi na biyu, kai takarda a yi fotokopi, tambayar magini kuɗɗin buhun siminti. Sannan ka ɗaura shi ga wani abu da tabbas zai faru. Wani masani Bajamushe Peter Gollwitzer ya nuna cewa wanda ya ƙudurta "in kaza ta faru zan yi kaza" ya fi cika niyya bisa wanda ya ce zan yi kawai. Mu kuwa Allah ya ba mu turaku biyar a yini waɗanda ba mu mantawa. In na dawo asuba kafin in taɓa waya, shafi biyu. In an sallame la'asar, in wuce wurin tela. Bayan isha'i, lissafin butik. A cikin To Do ko Keep kana iya sa sunan sallar a farkon layi, ko ka yi jeri uku, safe, bayan la'asar, dare, ka bar tsakar rana fanko don zafi da abin da ya taso. Wanga tsari ba ya lalacewa in magariba ta matsa, kuma in azumi ya zo sai dai ka kwashe aikin kai ka mayar bayan asuba ko bayan asham.

Kuma duk lokacin da ka ƙiyasta ma aiki, ƙara mishi. A wani bincike da anka yi a Kanada a 1994 an tambayi ɗalibai kwana nawa za su gama rubutunsu na ƙarshen karatu, matsakaicin abin da sunka faɗa wajen kwana 34 ne, sunka ɗauki wajen 55. Can ma ke nan inda kuran ba ya yankewa. Don haka abu uku a yini ba ƙasƙanci ba ne, in ka gama da wuri ai jerin na nan ka ƙaro.

In na tattara wa kowa nashi, ma'aikacin biro ko na purje, Agenda don alƙawari da To Do don aikin yini, ya kuma tuna juma'a rabin yini ce kar ya tara mata kaya. Ɗalibi, TickTick ko To Do da agogon waya, tare da iyaka a Bien-être numérique, wannan na ƙarshe shi ya fi muhimmanci gare shi. Hajiya mai saida atamfa da turare ta waya, Keep, jeri ɗaya na oda, ɗaya na bashi, da hoton kayan. Ɗan kasuwa mai yawo tsakanin Tawa, Ƙonni da Madawa, karne don lissafi, vokal ga kanshi don abin da ya faɗo a hanya, amma kowane dare ya kwashe vokal ɗin ya zuba a karne. Todoist sai wanda aikinshi na kan ordinater ne kuma ranakun aikinshi tsayayyu ne. Kowa ya ɗauki ɗaya, in ta yi yawa biyu, ya riƙe wata guda kafin ya yanke hukunci, don tsalle daga wannan zuwa waccan shi ma wani salon ɗage aikin ne.

Abu na ƙarshe wanda in ba ka yi ba duk maganar nan ta tashi banza ga mai dogaro da tuni, wayoyin Android da yawa, musamman masu sauƙin kuɗɗi da munka fi riƙewa, suna kashe aplikasiyon da ke aiki a ɓoye don tattalin batiri, sai lokacin tuni ya yi shiru, kai kana ganin laifin aplikasiyo. Ka shiga parametir, wajen batiri, ka nemo sunanta ka cire mata takunkumi, in wayarka na da wurin da ake ba aplikasiyo izinin tashi da kanta ka kunna mata, ka tabbata notifikasiyo ɗinta a buɗe suke da sauti. Sannan ka gwada, sa tuni na minti biyar, kulle wayar ka aje ka ga ko za ta yi ƙara. In ta ƙi, abin da ba ya ɗaukar kuskure kamar shan magani ko motar Yamai ta asuba ka sa shi a alam na agogon waya, shi wayar ba ta kashe shi.